GONAR MARAINIYA DA SHIRUN MAZA A KWARIN KADAWA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya raba gado da kansa a cikin Littafinsa, bai bar rabon a hannun sarki ko malami ko babban wa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, a 'yan shekarun nan wata sabuwar magana ta shigo bakin ƙungiyoyin agaji masu aiki da kuɗin ƙasashen waje, wai a jawo maza su zama masu mara wa mata baya, musamman a wuraren da fitina ta taɓa. Asalin maganar ba ɓoyayye ba ne. Tun daga taron mata na birnin Bejin a ƙasar Sin a 1995, da ƙuduri mai lamba 1325 da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar a watan Oktoban 2000 a kan mata da yaƙi da sulhu, an shafe shekaru ana tara mata su kaɗai ana yi musu lacca. Da tafiya ta yi nisa sai masu abin suka farga cewa makullin rumbu da takardar gona da tabarmar zaure duk suna hannun namijin da ba a gayyato ba. Shi ne yanzu aka koma kiran limamai da masu unguwanni da shugabannin manoma zuwa manyan otal-otal na birnin Kano, a ba su abinci da kuɗin mota, a ɗauki hoto, a watse.

Muna da ja da waɗannan mutane, kuma za mu zo kansa. Amma jan da ke tsakaninmu da su ƙarami ne idan aka gwada shi da wanda ke tsakaninmu da mutanen gida: baffan da ya haɗe gonar 'ya'yan ƙaninsa da tasa, da yayan da ya shekara ashirin yana noma rabon ƙanwarsa yana aika mata da kwano biyu na shinkafa da Sallah kamar sadaka, da mai unguwar da ya sa hannu a takardar cinikin, da malamin da ya san hukunci ya kama bakinsa. Da su muke magana a wannan wata, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

RUWA YA ZO, SUNAN MACE YA ƁACE

Babu mai musun arzikin da Allah ya saukar a wannan kwari. Gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, aka kammala ta a 1974, aka jawo ruwa ta manyan magudanai zuwa ƙasashen Bunkure da Kura da Garun Malam. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta, kuma an tsara kashinsa na farko zai ci kadada dubu 22. Ƙasar da a da ba ta san komai ba sai gero da dawar damina ta koma tana ba da alkama da tumatir da albasa da masara da shinkafa. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987 sai manyan birni suka yi ca a kan filayen. Kwanar Gafan ta zama tashar da ake lodin tumatir zuwa Kudu, garin Kura ya yi suna da shinkafa, har kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar tumatir a Kadawa a 2016.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda aka yi da gonakin. Hukuma ta karɓe su, ta sa katafila ta baje su, ta yanka su fuloti-fuloti daidai da tafiyar ruwa, sannan ta mayar wa masu su bayan ta zaftare abin da hanyoyi da magudanai suka ci. A da, macen da ta gāji kadada a cikin gandun gidansu tana da shaidu ko da ba ta taɓa riƙe fartanya ba: ga kukar da iyakar ta fara, ga jerin gambar da ta raba ta da ta ɗan'uwanta, ga ɗorawar da take aika yara su kakkaɓo mata kalwa ta yi daddawa. Katafila ta ture shaidun nan gaba ɗaya. Da ma'aikaci ya zo da littafinsa, wanda ya tarar a bakin gona shi ya rubuta, wanda ke bakin gona kuwa namiji ne. Ita tana cikin gida, an ce kulle take, kuma babu wanda ya shiga ya tambaye ta. Sannan ga shi ƙasar ta yi daraja ninkin-ba-ninki. Gonar da a da ɗan'uwa zai miƙa wa ƙanwarsa ba tare da ya ji zafi ba ta zama abin da ake nomawa sau biyu a shekara, ana ba da hayarta da kuɗi masu kauri. Nan kwaɗayi ya samu gindin zama, sai ya nemi rigar addini ya sa.

Kada wani ya ce mace ba ta da hannu a noman rani. Wa ke tsinkar tumatir da barkono? Wa ke shiƙar alkama, wa ke bin bayan masu yanka yana kala? Wa ke yanka kauɗa yana shanyawa idan kasuwa ta faɗi? Tsofaffi ne da zawarawa da 'yan mata. Shinkafar da Kura ke taƙama da ita, wa ke jiƙa ta ya turara ta ya shanya kafin ta ga injin casa? Matan cikin gida ne, cikin hayaƙi da zafin tukunya. Tun a shekarun 1970 matan wannan yanki da ke yi wa wani kamfanin Turawa ƙwadagon kayan lambu suka yi yajin aiki a kan ladan da ake ba su, har wata mai bincike ta rubuta labarin a wata mujalla ta Ingila a 1978. Su ne masu aikin, amma idan takin zamani ya zo, ko rancen noma, ko zaman ƙungiyar masu amfani da ruwa, sai a ɗauko littafin nan mai sunayen maza. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

IDAN FITINA TA WUCE, WA TAKE BARI?

Wannan kwari bai ga yaƙi irin na Barno ko Zamfara ba, kuma muna roƙon Allah kada ya gani. Amma jini ya zuba, kuma gidaje sun rasa masu su. A ranar 27 ga Nuwamban 2015 ɗan ƙunar baƙin wake ya tashi bom a Dakasoye, a kan hanyar Kano zuwa Zariya, cikin masu tattaki, ya kashe fiye da mutum 20. A ƙarshen watan Maris na 2025, cikin goman ƙarshe na azumi, gungun mutane a garin Uromi na Jihar Edo suka tare mafarauta 'yan Jihar Kano da ke hanyar dawowa gida yin Sallah, suka yi wa mutum 16 kisan gilla, da dama daga cikinsu 'yan ƙasar Bunkure, musamman ƙauyen Torankawa. A tsakanin waɗannan manyan masifu kuwa akwai ƙananan da ba sa shiga jarida: rikicin manomi da makiyayi a kan burtalin da noman rani ya cinye, da faɗan ruwa tsakanin na bakin magudana da na wutsiya, da 'yan ci-rani da ke tafiya Kudu ba a sake jin ɗuriyarsu. A ƙarshen 2025 ma sai ga 'yan bindiga suna kutsowa ƙauyukan Tsanyawa da Shanono suna ɗaukar mutane, abin da ya nuna cewa Jihar Kano ba ta da katangar ƙarfe.

Ba muna nuna wa wani gida yatsa ba. Abin da muke cewa shi ne, kowace fitina idan ta wuce takan bar abu uku: mace mai takaba, da marayu, da gona. Kuma a nan ne ake gane namiji. Ranar zaman makoki kowa yana hawaye, kowa yana cewa "'ya'yan nan namu ne". A jira ranar da aka saki ruwa, a ga wanda zai shiga fulotin mamaci da injin haɗa, a ga kuma inda buhunan za su nufa.

Wannan abu ya faru a Madina. A shekara ta 3 bayan Hijira aka yi yaƙin Uhudu, Musulmi kimanin 70 suka yi shahada, cikinsu har da Sa'adu ɗan Rabi'u (RA). Ya bar mata da 'ya'ya mata biyu. Ɗan'uwansa ya zo ya kwashe dukiyar duka bisa al'adar Jahiliyya, wadda ke cewa wanda bai hau doki ya ɗauki takobi ba ba ya gado. Matar ta kai kuka wajen Manzon Allah (SAW), hukuncin gado ya sauka a Suratun Nisa'i, aka kira baffan aka umarce shi ya ba 'yan matan kashi biyu cikin uku, ya ba uwarsu tumuni, shi ya ɗauki abin da ya saura. Lalle a lura: ayoyin gado ba a lokacin yalwa da kwanciyar hankali suka sauka ba, a bayan yaƙi suka sauka, a kan kukan mai takaba, domin a kama hannun baffa. Wanda duk yake cewa "yanzu ba lokacin rabo ba ne, ana cikin masifa", to ya san cewa ya juya wa dalilin saukar ayar baya.

Mu yi lissafi, domin mutanenmu sun iya lissafin kwando da buhu. A ƙaddara mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya mata biyu, da mahaifiyarsa, da wansa shaƙiƙi, mahaifinsu kuwa ya riga shi. Za a kasa abin da ya bari kashi 24. 'Ya'yan biyu su ɗauki 16, mahaifiyar ta ɗauki 4, matar ta ɗauki 3. Nawa ya saura wa wan? Ɗaya tak. Kashi 23 cikin 24 na mata ne. Da a ce mamacin ya bar ɗa namiji ko da jariri ne a goye, wan ba shi da ko ƙwayar shinkafa. To, a irin wannan gida, wa muke gani a cikin gonar da rani? Mai kashi ɗaya, ko wanda ba shi da komai. Subhanallah! Shi ne kuma zai zo sahun farko ranar Juma'a, wandonsa a ɗage, goshinsa da tabo, alhali aya ta 10 ta wannan sura ta bayyana cewa mai cin dukiyar maraya da zalunci wuta yake zubawa a cikinsa.

UZURORIN DA AKE KAWOWA

Na farko su ce mace ba ta noma, me za ta yi da gona? Alhazan birni da ke da fuloti a Kadawa da yawansu ba su san inda ake kama fartanya ba, haya suke bayarwa ko su sa 'yan ƙwadago, kuma babu wanda ya ce a ƙwace musu. Mallaka daban, noma daban. Ita ma tana iya ba da haya, tana iya jinginarwa, tana iya sayarwa, tana iya ba ɗan'uwan nata aro da ranta yana so. Abin da ba ya halatta shi ne a zaɓa mata.

Na biyu su ce idan aka ba ta, mijinta ne zai ci, gonar kakanni ta fita daga gida. Wannan ita ce hujjar Jahiliyya ba a ko canza mata riga ba. Kuma idan ana tsoron miji zai danne mata, maganin shi ne ɗan'uwa ya tsaya mata a gaban mijin, domin a Shari'a dukiyar mace tata ce, aure ba ya mayar da ita ta miji. Wane irin taimako ne mutum ya sace kayanka domin kada wani ya sace?

Na uku su ce ai ta yafe. A gaban wa? Bayan an auna an nuna mata nata, ko kuwa an tara mata dattawan gida aka ce "Ladidi, ke ma kin san halin da ake ciki, ko za ki kai yayanki ƙara?" ita kuwa ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane? Shirun budurwa a wajen neman aure ne aka ɗauke shi izini, ba a wajen sallama gona ba. Kyautar da aka karɓa da kunya ƙwace ce. Marainiya kuwa da ba ta kai munzalin riƙe dukiya ba, ba ita ba waliyyinta, babu mai ikon yafe rabonta.

Na huɗu, wanda masu ɗan karatu ke kawowa, su ce fulotin noman rani ba ya rabuwa, tsarin ruwa zai lalace. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kura da Bunkure sun yi babi a kan rabon abin da ba ya yankuwa: a yi masa kuɗi wani ya fanshi rabon saura, ko a sayar a raba, ko a ci amfaninsa bi-da-bi. Wanda ya iya raba kuɗin tirela guda ta tumatir tsakanin dillali da ɗan kamasho da mai mota da masu lodi ba tare da kobo ya ɓace ba, kada ya ce mana tumuni ya gagare shi.

Akwai kuma masu fakewa da cewa haka muka tarar. Su saurara. A 1923, ƙarƙashin mulkin Turawa, Sarkin Kano Usman ya hana mata gādon gidaje da gonaki, bisa dalilin wai mace idan ta mallaki gida sai ta ƙi zaman aure ta shiga karuwanci. Aka yi shekara 31 a kan haka. A 1954 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya ya soke wannan hani ya mayar wa mata haƙƙinsu, yana mai duba halin da tsofaffin mata marasa galihu suka faɗa. Ashe abin da ake kira al'adar kakanni doka ce ta ƙarni na 20, wadda ta saɓa wa nassi, wadda kuma fadar da ta kafa ta ta janye ta fiye da shekara 70 da suka wuce. Fada ta saki, ƙauye ya riƙe, domin riƙon yana da daɗi.

DIYYA DA TAKABA

Bayan kisan Uromi, Gwamnan Edo Monday Okpebholo ya zo Kano, ya je ta'aziyya har ƙasar Bunkure tare da Gwamna Abba Kabir Yusuf, kuma an yi alkawarin biyan diyya. Wannan ya sa tilas mu tunatar da hukuncin da mutane da yawa ba su sani ba, ko suke nuna ba su sani ba. Diyya gado ce. Ana raba ta kamar yadda ake raba gona da shanu, kuma matar mamaci tana da rabonta a ciki. Sayyidina Umar (RA) ya kasance yana ganin diyya ta dangin uba ce, har Dahhaku ɗan Sufyanu (RA) ya shaida masa cewa Manzon Allah (SAW) ya rubuto masa ya ba matar Ashyamu gādonta daga diyyar mijinta, sai Umar ya koma kan haka. Wannan yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda babu garin da ba a karanta ta a wannan ƙasa. Saboda haka duk kuɗin da aka bayar da sunan diyyar jini, ko daga gwamnati ko daga zaman sulhu da makiyaya, ba a miƙa shi ga "babban gida" ya yi yadda ya ga dama. A kai shi gaban alƙali, a kira kowane magaji da sunansa, har cikin da ba a haifa ba a jira shi.

Ita kuma mai takaba, wata huɗu da kwana goma ne, ko zuwa haihuwa idan tana da ciki. A lissafa da kwanakin noma: wannan ya isa a shuka alkama a yanke ta. Cikin waɗannan watanni ne ake cinye ta, ana ce mata haramun ne ta leƙa ko ƙofar gida. A cikin Sahihu Muslim akwai labarin innar Jabiru ɗan Abdullahi (RA), wadda aka saka, ta fita za ta girbi dabinonta tana cikin idda, wani mutum ya tsawata mata, Manzon Allah (SAW) ya ba ta izini ta je ta girba. Malaman Malikiyya sun tafi a kan cewa mai idda tana fita da rana domin buƙatarta, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Wannan mutum da ya tsawata mata yana da jikoki da yawa a kwarin Kadawa.

GA MALAMAI

Nan ne ciwon yake. Za ka ji mai wa'azi ya kwashe dare guda a kan tsawon hijabi da sautin takalmin mace, lasifika tana kaiwa ƙauye uku. Hijabi wajibi ne, babu mai ja. Amma yaushe rabon da a ji huɗuba guda cikakkiya a kan aya ta 7 ta Suratun Nisa'i, wadda ta tabbatar wa mata rabo daga abin da iyaye da dangi suka bari, kaɗan ne ko mai yawa? Dalilin shirun ba ya buƙatar bincike. Mai sauraron wa'azin hijabi ba ta ba malami buhun shinkafa. Mai riƙe da gonar marayu kuwa shi ya sa wa masallaci kwano, shi ya sayi janareta.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ji ƙansa, a cikin Nurul Albabi ya yi kakkausan suka ga malaman ƙasar Hausa da ke koyar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ya kuma gargaɗi mata kada su ruɗu da masu yi musu wa'azin biyayyar miji kaɗai suna ɓoye musu sauran addini. Da Malam Mustafa Gwani ya zarge shi da barin mata suna halartar wa'azinsa, ƙaninsa Abdullahi ne ya ba da amsa, cewa barin su cikin jahilci ya fi muni. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajis suna kai karatu ƙauyuka, kuma ta yi wannan aiki ne a ƙasar da yaƙi ya cika da zawarawa da marayu. Maza ne suka tsaya mata: uba, da ɗan'uwa Muhammadu Bello, da miji Waziri Giɗaɗo. Duk mai da'awar bin Shehu da Sunna, wannan shi ne ma'aunin da za a ɗora shi. Macen da ta san bambancin tumuni da rubu'i ba a yi mata wayo da kwano biyu, kuma muna zargin wannan ne ya sa wasu mazan ke ƙin Islamiyyar matan aure.

GA MASU TARON OTAL

Yanzu mu juyo gare ku. Kun yi daidai da kuka gane cewa sai da maza. Amma kun zo da ma'aunin da ba namu ba. Kuna cewa daidaito, kuna nufin a shafe duk bambancin hukunci tsakanin namiji da mace, har wasunku na kallon rabon gado na Alƙur'ani a matsayin zalunci. Mu adalci muka sani: an ba ɗa ninkin rabon 'ya, aka kuma ɗora masa sadaki da ciyarwa da tufatarwa da matsuguni, ita nata rabon nata ne ita kaɗai. Wanda ya karɓi ninki ya yar da nauyin, ya ci lada bai yi aiki ba, kuma da Littafin da ya ba shi za mu kama shi. Ku kuwa da kuka taɓa nassi, kun ba azzalumi garkuwa. Da an ce masa ya fito da gonar ƙanwarsa sai ya daka tsalle ya ce aikin Turawa ne, 'yan Bejin ne, jama'a su taru a bayansa. Kun kuma koya wa mutane cewa tsaya wa mace aiki ne na alawus, da kuɗin shiri ya ƙare sai riga da hula su koma akwati. Mu ba mu jira 1995 ba. Aya ta 71 ta Suratut Tauba ta riga ta sanya muminai maza da mata majiɓinta lamarin juna, kuma wannan wajibi ne da ba ya ƙarewa da ƙarewar kwangila.

Sai dai kada ɗan'uwa ya ji mun faɗi haka ya gyara zama. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da zaure ya yi aikinsa, da mai takaba ba ta bi motar baƙi tana neman mai jin kukanta ba. Wanda ya ƙi hukuncin Allah a gonarsa ba shi da bakin zagin Bejin.

A wajen sulhu ma haka. Idan shanu suka yi ɓarna, ko aka yi jina-jina a kan burtali, sai a tara dagaci da arɗo da dattawa, a yanke tara, a yi Fatiha. Ba a tambayi wadda gonar take tata ba, ba a tambayi Bafulatanar da saniyar sadakinta aka sare ba, ba a tambayi masu tallar nono da ke shiga gidajen manoma kullum ba, alhali su ne ke fara jin ƙishin-ƙishin kafin wuta ta tashi. A Hudaibiyya, lokacin da al'amari ya cije, shawarar Ummu Salama (RA) ce ta warware shi. Ranar buɗe Makka Ummu Hani'i (RA) ta ba waɗanda ake nema amana, Manzon Allah (SAW) ya zartar da amanarta. Babu wanda ya ce a cakuɗa maza da mata a tabarma ɗaya. A aika dattijuwa ta jiyo, a sa labule, a kira waliyyi na gaskiya wanda ba shi da ido a kan kuɗin. Hanya tana nan ga mai so.

Saboda haka muna kira ga limaman Juma'a na Kura da Bunkure da Garun Malam su ware huɗuba kafin a saki ruwan rani, su karanta wa jama'a hukuncin gado da diyya da lissafinsa, ba tare da duba fuskar kowa ba. Dagatai da masu unguwanni su daina sa hannu a cinikin gona ko jinginarta muddin ta mamaci ce, sai an nuna musu takardar rabo daga kotun Shari'a. Aikin gyaran magudanai da Bankin Duniya ya amince da kuɗinsa a 2014 ya ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, to shugabanninsu su buɗe littafinsu su raba sunan mai gona da sunan mai noma, domin idan taki ko rance ko diyyar ɓarna ta zo a san mai ita. 'Yan'uwanmu matasa masu karatu a rassa kuwa, kowa ya fara da gidansu: ya tambayi mahaifinsa ina rabon gwaggo, ya tambaya da ladabi, ya sake tambaya. Wanda ya tarar an daɗe ana ci, a kira malami masanin fara'ili a ƙiyasta hayar shekarun da suka wuce, a biya ta ko ta yafe bayan ta ji adadin da kunnenta. Idan ta rasu, 'ya'yanta suna nan, kuma rabon uwarsu ya koma nasu.